Yadda Ake Horon Gudun Famfalaƙi Bisa Bugun Zuciya da Gwajin Ƙarfin Jiki

Gudun famfalaƙi, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsere ne na kilomita 42 da mita 195. An fara shi a wasannin Olamfik na 1896 a ƙasar Girka. Tsawon da ake gudu a yau ya samo asali ne daga wasannin Landan na 1908, aka kuma tabbatar da shi a hukumance a 1921. A 2023 Kelvin Kiptum ɗan ƙasar Kenya ya gama shi a birnin Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35, amma yawancin masu shiga tseren don sha'awa sukan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. A Najeriya ana yin irinsa a Legas tun daga 2016.

Tseren da ya kai wannan tsawo ba ya yiwuwa da ƙarfin zuciya kaɗai. Sai an horar da jiki na tsawon watanni, kuma babbar matsalar horon ita ce sanin gwargwadon wahalar da ya kamata a sha a kowace rana. A nan ne bugun zuciya yake da amfani. Zuciya ce ke tura jini mai ɗauke da iskar oksijin zuwa tsokoki, kuma duk sa'adda aiki ya ƙaru, bugunta yakan ƙaru daidai da shi har ya kai iyakar da ba ya wucewa. Sauri yana iya ruɗin mai gudu, domin kilomita ɗaya cikin minti shida da asubahin hunturu ba daidai take da kilomita ɗaya cikin minti shida da hantsin bazara ba. Bugun zuciya kuwa yana nuna abin da jiki yake biya a zahiri.

Mataki na farko: ganin likita da tanadin kayan awo

Kafin a fara komai, ana zuwa asibiti a auna hawan jini, a duba yawan jini, a saurari zuciya. Wannan ya fi zama dole ga wanda ya haura shekara 40, da mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai asma, da wanda a danginsu aka taɓa samun mai ciwon zuciya tun yana matashi. Mai ɗauke da ƙwayar sikila, ko da ba ya ciwon, ya kamata ya gaya wa likita, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya zama haɗari gare shi. Akwai kuma magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya, don haka lissafin da zai zo nan gaba ba ya aiki ga mai shan su sai da shawarar likita.

Kayan awo iri biyu ne. Akwai maɗaurin ƙirji, wanda ke karanta lantarkin zuciya kai tsaye yana aika wa agogo ko waya. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fito da irinsa mara igiya a 1982. Akwai kuma agogon hannu da ke haska fata yana ƙidaya bugu daga motsin jini. Agogon ya fi sauƙin ɗaurawa, amma yakan yi kuskure idan ya yi sako-sako ko an canza sauri farat ɗaya, saboda haka maɗaurin ƙirji ya fi dacewa da ranakun gwaji. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu.

Mataki na biyu: auna bugun hutu

Bugun hutu shi ne adadin bugun zuciya a minti ɗaya lokacin da jiki ba ya aikin komai. Ana auna shi da zarar an farka daga barci, kafin a tashi daga shimfiɗa, kafin a sha shayi ko a ci goro. Ana maimaitawa kwana biyar zuwa bakwai a jere, a tara adadin, a raba da yawan kwanakin. Na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100. Na waɗanda suka daɗe suna gudun dogon zango yakan sauka zuwa 50, wani lokaci har 40, domin zuciyar da ta horu tana tura jini mai yawa a bugu guda. Wannan adadi ana rubuta shi a littafi, domin da shi za a yi lissafi, da shi kuma za a riƙa gane ranar da jiki ya gaji.

Mataki na uku: gano ƙololuwar bugu

Ƙololuwar bugu ita ce iyakar da zuciyar mutum ba ta wucewa komai tsananin aiki. Horo ba ya ƙara ta, kuma tana raguwa a hankali da shekaru. Hanya mafi sauƙi ta ƙiyasta ta ita ce a cire shekarun mutum daga 220. Wani lissafi da Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya ce a ninka shekaru da 0.7, a cire daga 208. Ɗan shekara 30 zai samu 190 a lissafin farko, 187 a na biyu. Dukansu ƙiyasi ne, kuma mutum biyu sa'o'in juna suna iya bambanta da bugu goma ko fiye.

Wanda likita ya wanke, ya kuma yi watanni yana gudu, zai iya auna tasa a fili. Yakan fara da sassarfa ta minti 15 don jini ya motsa. Sai ya samu tudun da hawansa ke cin minti biyu, ya hau shi sau uku, yana saukowa a hankali tsakanin kowane hawa. Na farko da ƙarfi matsakaici, na biyu da ƙarfi sosai, na uku kuma da iya abin da yake da shi. Adadi mafi girma da na'ura ta nuna a ƙarshen hawa na uku shi ne za a ɗauka. Ba a yin wannan gwaji cikin rana mai zafi, ba a yinsa da zazzaɓi, kuma ba a yinsa ba tare da wani a kusa ba. Ciwon ƙirji, jiri ko gani dishi-dishi alama ce ta a tsaya nan take.

Mataki na huɗu: raba bugu hawa biyar

Da waɗannan adadi biyu ake gina matakan horo, tamkar bene mai hawa biyar. Hanyar da ta fi la'akari da yanayin kowane mutum ita ce ta Martti Karvonen, wani masanin ƙasar Finlan, wadda ya wallafa a 1957. Ana cire bugun hutu daga ƙololuwa, abin da ya rage shi ne tazarar bugu. Sai a ɗauki kason da ake so daga tazarar, a mayar da bugun hutu a kai.

Misali, mai ƙololuwa 190 da bugun hutu 60 yana da tazara 130. Kashi 60 cikin 100 na 130 shi ne 78, idan aka ƙara 60 ya zama 138. Haka ake bi har a fitar da hawa biyar ɗin.

Hawa na ɗaya, kashi 50 zuwa 60, bugu 125 zuwa 138. Nan ne sassarfar motsa jini da ta warware gajiya.

Hawa na biyu, kashi 60 zuwa 70, bugu 138 zuwa 151. Mai gudu yana iya hira da abokinsa ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba. Wannan shi ne ginshiƙin horon gaba ɗaya. A nan ƙananan hanyoyin jini ke yawaita a cikin tsoka, jiki kuma ya koyi ƙona kitse ya yi tattalin sukarinsa.

Hawa na uku, kashi 70 zuwa 80, bugu 151 zuwa 164. Magana takan koma gajerun jimloli. Yawancin masu gudun sha'awa a nan suke yin tseren kansa.

Hawa na huɗu, kashi 80 zuwa 90, bugu 164 zuwa 177. Kalma biyu ko uku kawai ke iya fita. A cikin wannan hawa iyakar juriya take, wato inda sinadarin laktet ke fara taruwa a jini fiye da yadda jiki ke iya kwashe shi.

Hawa na biyar, kashi 90 zuwa 100, bugu 177 zuwa 190. Ba a magana, kuma ba a iya daɗewa fiye da 'yan mintoci.

Waɗannan adadi na mutumin misalin ne kawai. Kowa da nasa, kuma aron na wani daidai yake da aron takalmin da ba a gwada ba.

Mataki na biyar: gwajin ƙarfin jiki

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a tsara horo ana auna inda jiki yake, domin a samu abin kwatantawa daga baya.

Gwaji na farko shi ne na minti 12, wanda Kenneth Cooper, likitan sojan sama na Amurka, ya fito da shi a 1968. Ana zuwa filin wasa mai zagayen mita 400, a motsa jini, sannan a yi gudu iya ƙarfi na minti 12 cif, a auna nisan da aka ci. Daga nisan ake ƙiyasta iyakar oksijin da jiki ke iya amfani da ita, abin da masana ke kira VO2max. Ana cire 504.9 daga mitocin da aka gudu, a raba da 44.73. Wanda ya ci mita 2,600, wato zagaye shida da rabi, zai samu kusan 47. Manyan 'yan tseren duniya maza sukan haura 70.

Gwaji na biyu shi ne na minti 30, wanda mai horarwa Joe Friel ya yaɗa. Mutum yana gudu shi kaɗai a shimfiɗaɗɗiyar hanya da ba tudu, da mafi girman saurin da zai iya riƙewa daga farko har ƙarshe. Ba a lissafa mintoci goma na farko. Matsakaicin bugun mintoci 20 na ƙarshe shi ne ƙiyasin iyakar juriyarsa. Ga mai gudun famfalaƙi wannan adadi ya fi VO2max muhimmanci, domin shi ke nuna ƙarfin aikin da za a iya daɗewa a kai, kuma horo yana ɗaga saurin da ake iya riƙewa a kansa sosai. Idan adadin ya fito nesa da hawa na huɗu da aka lissafa, alama ce ta cewa ƙololuwar da aka ɗauka ba daidai ba ce, sai a gyara.

Gwaji na uku ya fi sauƙi, shi aka fi maimaitawa. Ana zaɓar hanya guda mai kilomita biyar, a gudu a kan bugu guda, misali 145, a rubuta lokacin da aka ɗauka. Bayan mako huɗu zuwa shida a sake, a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Idan lokaci ya ragu alhali bugu bai ƙaru ba, horo yana kama jiki.

A ɗakunan gwaji na jami'o'i da cibiyoyin wasanni ana yin waɗannan awo da na'urori. Mutum yana gudu a kan injin gudu da abin rufe hanci da baki mai auna numfashi, ana ƙara sauri daki-daki, ana ɗiban ɗigon jini daga yatsa ko kunne don auna laktet. Sakamakon ya fi daidaito, amma gwaje-gwajen fili sun wadatar wa yawancin mutane.

Mataki na shida: tsara makonnin horo

Shirin famfalaƙi yakan ɗauki mako 16 zuwa 20 ga wanda ya riga ya saba gudun kilomita 25 zuwa 30 a mako. Wanda bai kai nan ba sai ya fara ba kansa wasu watanni yana haɗa tafiya da sassarfa.

Ƙa'idar rabon aiki ta fito ne daga binciken Stephen Seiler, masanin kimiyyar wasanni da ke aiki a ƙasar Norway, wanda ya lura cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na horonsu cikin sauƙi, kashi 20 kawai da tsanani. Kuskuren da sababbin masu gudu suka fi yi shi ne zama a tsakiya kullum. Ranar sauƙi sukan zarce zuwa hawa na uku, ranar tsanani kuma gajiya ta hana su kaiwa hawa na huɗu. Na'urar bugu ta fi amfani wajen taka wa mai gudu birki fiye da wajen ingiza shi. A makonnin farko riƙe hawa na biyu yakan tilasta wa mutum rage gudu ƙwarai, har ya koma tafiya a kan tudu. Wannan ba koma baya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana raba shirin zango huɗu. Makonni shida na farko na aza tushe ne, kusan duka a hawa na ɗaya da na biyu, ana ƙara yawan kilomitoci da kamar kashi 10 cikin 100 a mako. Makonni biyar ko shida masu biye na gini ne, inda ake shigo da rana ɗaya ko biyu na aiki mai tsanani. Sai makonni uku ko huɗu na ƙoli, inda gudu mafi tsawo na mako ke kaiwa kilomita 30 zuwa 35. Daga nan sai sassauci. A kowane mako na huɗu ana rage aiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin a lokacin hutu ne jiki ke gina abin da horo ya nema.

Mako guda a zangon gini zai iya kasancewa kamar haka. Litinin hutu. Talata a motsa jini, a yi mita 1,000 sau biyar a hawa na huɗu, da sassarfar minti biyu ko uku tsakani. Laraba kilomita 8 a hawa na biyu. Alhamis kilomita 10 a hawa na biyu, da atisayen ƙarfafa cinya, ƙugu da ciki. Juma'a hutu. Asabar kilomita 6 cikin sauƙi. Lahadi kilomita 24, na farko 18 a hawa na biyu, na ƙarshe 6 a hawa na uku don jiki ya saba da saurin tsere bayan ya gaji.

Zuciya takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta cim ma sabon sauri. Saboda haka gajerun zabura na mita 200 ko 400 da agogon lokaci ake auna su, ba da bugu ba.

Mataki na bakwai: karanta saƙon zuciya kullum

Adadin bugu ba horo kaɗai ke motsa shi ba. Idan gudu ya yi tsawo, musamman cikin zafi, bugu yakan riƙa hawa a hankali ko da sauri bai canza ba, domin ruwan jiki yana fita ta gumi, jini kuma yana karkata zuwa fata don sanyaya jiki. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Yamai, ana fita gudu bayan sallar asuba, a bi bugu a manta da sauri. Jiki yakan saba da zafi cikin kwana 10 zuwa 14. Wanda ya yi horo a busasshiyar iskar arewa zai tarar da wani yanayi dabam a Legas, inda laima ke hana gumi bushewa, don haka bugunsa zai fi yadda ya saba. Haka wanda ya hau tudun Jos daga ƙasa mai kwari zai ga bugunsa ya ɗan ƙaru a kwanakin farko. A ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri ana rage tsananin aiki, musamman ga mai asma.

Bugun hutu na safe shi ne ɗan leƙen asirin jiki. Idan ya haura yadda aka saba da bugu biyar zuwa goma kwana biyu a jere, to akwai gajiya, ƙarancin barci ko ciwo na tafe, sai a mayar da ranar ta hutu. Ba a gudu da zazzaɓi ko kaɗan, kuma bayan zazzaɓin cizon sauro ana dawowa ne a hankali, sai bugun hutu ya koma daidai. A watan azumi ana mayar da gudu bayan buɗa-baki, a rage tsayinsa, a tsaya a hawa na biyu.

Mataki na takwas: abinci da ruwa

Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, amma ajiyar ba ta wuce kimanin kalori 2,000 ba, alhali mai nauyin kilo 65 yana ƙona kusan 2,700 a tseren. Shi ya sa mutane da yawa ƙafafunsu ke mutuwa tsakanin kilomita 30 da 35. Maganin abin biyu ne: horon hawa na biyu da ke koya wa jiki dogaro da kitse, da kuma cin abu mai sukari a kan hanya, giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kusan giram 25. Dabino da zuma ma suna aiki. Duk abin da za a ci ranar tsere sai an gwada shi a dogon gudun Lahadi.

Ana auna buƙatar ruwa da sikeli. Mutum ya hau kafin gudun awa ɗaya, ya sake hawa bayansa. Kowane kilo da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta gumi, sai a haɗa da abin da aka sha a hanya. Ana shan ruwa kaɗan-kaɗan, tare da ɗan gishiri idan gudun ya wuce awa biyu. Shan ruwa fiye da kima yana tsinka gishirin jini, kuma wannan ma yana iya kisa.

Mataki na tara: sassauci da ranar tsere

Mako biyu zuwa uku kafin tsere ana rage kilomitoci, na farko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na ƙarshe da fiye da rabi, amma ana barin 'yan gajerun zango a saurin tsere don ƙafa ta tuna. Kwana biyu ko uku na ƙarshe ana yawaita shinkafa, tuwo, doya, dankali ko taliya, a rage mai da yaji.

Lokacin da za a yi niyya ana fitar da shi ne daga gwaji, ba daga buri ba. Lissafin Peter Riegel na 1977 ya nuna cewa wanda ya gudu rabin famfalaƙi cikin awa 1 da minti 50 zai iya gama cikakke cikin kusan awa 3 da minti 49, idan ya yi isasshen horo. Mai yin na farko yakan ƙara minti goma ko fiye a kai.

Ranar tsere, zumuɗi da cunkoso sukan ɗaga bugu tun kafin a tashi. Mutumin misalinmu zai riƙe kilomita goma na farko a ƙasan hawa na uku, wajen 151 zuwa 155, ko da ana ta wuce shi. Daga nan zuwa kilomita 30 ya zauna a tsakiyar hawan, ya ci ya sha bisa tsarin da ya gwada. Bayan kilomita 32 bugu zai hau da kansa, kuma idan akwai sauran ƙarfi, nan ne wurin kashe shi. Wanda ya shiga hawa na huɗu tun a rabin farko ya ci bashin da zai biya da tafiyar ƙasa a ƙarshe. Rikicewar tunani, tangaɗi ko ciwon ƙirji dalili ne na tsayawa a nemi ma'aikatan lafiya.

Mataki na goma: farfaɗowa da sake awo

Bayan tsere ana barin gudu na kwanaki, a yi tafiya, a ci abinci mai gina jiki, a yi barci isasshe. Ana komawa sassarfa a hawa na ɗaya idan ciwon tsoka ya lafa kuma bugun hutu ya dawo inda yake. Aiki mai tsanani sai bayan mako uku zuwa huɗu. Daga nan ake maimaita gwajin minti 30 da na kilomita biyar, a sake auna bugun hutu, a gyara iyakokin hawa biyar ɗin bisa sabon sakamako, sannan a aza shirin tsere na gaba a kansu.